Masu fatsa a bakin tekun Amurka: aikin sa kai da rigimar da ke ƙarƙashinsa

Da sassafen ranar 9 ga Mayun 1980, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani jirgin dakon kaya mai suna Summit Venture ya daki ƙafar gadar Sunshine Skyway da ke bakin mashigin ruwan Tampa a jihar Fulorida. Wani yanki na gadar ya rufta, motoci da wata bas ta fasinja suka zube cikin ruwa, mutum 35 suka riga mu gidan gaskiya. An gina sabuwar gada aka buɗe ta a 1987. Tsohuwar kuwa aka rushe tsakiyarta, aka bar guntayenta biyu, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, aka mayar da su wurin kamun kifi. Mutum zai biya 'yan daloli a ƙofa, ya shiga da motarsa har kan gadar, ya buɗe bayan mota ya fito da sandar fatsa, ya jefa ƙugiya cikin ruwa mai zurfin da a da sai mai jirgi ke iya kaiwa. Wasu nan suke kwana. Duk wanda yake son ya fahimci yadda Amurkawa ke rayuwa da tekunsu, to wannan guntuwar gada makaranta ce.

Mu a wajenmu su sana'a ce, kuma yawanci gadonta ake yi. Masuncin Yawuri ko na Tafkin Chadi ba ya shiga ruwa don ya huta. Abincin gidansa yake nema. In ka gaya masa akwai ƙasar da mutum zai kashe kuɗi ya sayi kayan fatsa, ya yini a rana, ya kamo kifi mai tsoka, ya auna tsawonsa, ya ɗauki hoto, sannan ya mayar da shi ruwa, zai ɗauka zolayarsa kake yi. Amma haka abin yake, kuma ya girma har ya wuce a kira shi wasa. Hukumar NOAA, wadda ke kula da kifin teku a madadin gwamnatin tarayya, tana ƙiyasta cewa masu kamun nishaɗi suna fita kusan sau miliyan 200 a shekara. Wani bincike da Felicia Coleman da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science a 2004 ya nuna cewa in aka haɗa duk kifin tekun da ake kamawa a ƙasar, na masu nishaɗi bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Amma in aka ware nau'o'in da ke cikin matsi, rabonsu ya kai kashi 23, a mashigin tekun Meziko kuwa kashi 64. Ƙugiya ɗaya ba komai ba ce. Ƙugiya miliyoyi kuwa taru ce, sai dai taru ce da ba ta da mai ita guda da za a kira a yi wa tambaya.

A nan matsalar take. Jirgin kasuwanci yana da lasisi, yana da littafin da yake rubuta abin da ya kama, yana sauke kayansa a wajen dillalin da shi ma yake kai rahoto. Shi kuwa mai fatsa, wa zai ƙirga masa? Abin da hukuma ke yi shi ne ta tura ma'aikata tashoshin jiragen ruwa da gadoji su tare mutane su tambaye su abin da suka kamo, ta kuma aika takardun tambayoyi gidaje ta gidan waya, a tambayi mutum sau nawa ya je kamun kifi a watanni biyun da suka wuce. Sai a haɗa wannan da wancan a fitar da ƙiyasi, a kan ƙiyasin kuma ake yanke yawan kwanakin da za a buɗe kamu. A watan Agustan 2023 NOAA da kanta ta fito ta ce wani gwaji da ta yi ya nuna mai yiwuwa alƙalumanta sun zarce gaskiya da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, saboda yadda aka jera tambayoyin a takardar yana sa mutane su ƙara wa kansu kwanaki. Ina yaba mata da ta faɗi hakan da bakinta. Amma ka sa kanka a matsayin mutumin da aka shekara ana hana shi kamu bisa waɗannan alƙaluma.

Rigimar ta fi zafi a kan wani jan kifi mai daɗin nama da suke kira red snapper. A 2017 gwamnatin tarayya ta fara sanar da cewa masu jiragen kansu kwana uku kacal za su samu a shekarar su kama shi a ruwanta na mashigin Meziko, kafin matsin lamba ya sa a ƙara. Masu fatsa suna rantsuwa cewa kifin ya cika ruwa har ba ya barin ƙugiya ta kai ƙasa. Majalisa ta ba da kuɗi aka yi wata ƙidaya ta musamman, sakamakonta ya fito a 2021: sama da miliyan 100, alhali ƙiyasin hukuma na baya miliyan 36 ne. Masana sun yi ta muhawara a kan lissafin, an kuma yi masa gyare-gyare daga baya, amma abin da ya zauna a zukatan masu fatsa shi ne cewa idonsu ya ga abin da ofis bai gani ba.

Daga wannan gibi ne aikin sa kai ya samu gindin zama. A watan Janairun 2010 wani sanyi da ba a saba gani ba ya sauka a Fulorida na kwanaki a jere, ya kashe ɗimbin kifin snook, wanda ba ya jure ruwan sanyi. Jiha ta hana ɗaukarsa gida. To amma da zarar an hana, sai ma'aikacin da ke tsaye a tasha ya daina ganin kifin, tunda duk wanda aka kama a ruwa ake sakinsa. Yaya za a san ko yana farfaɗowa? Sai wata ƙungiyar masu fatsa ta ɓullo da tsarin da kowa zai rubuta abin da ya kama ya saka: tsawonsa, wurin, awa nawa ya yi yana jira, har da ranar da bai kama komai ba. Masu binciken jiha suka karɓi bayanan suka yi amfani da su wajen auna lafiyar kifin. Ranar da ba a kama komai ba ita ce ta fi wuyar samu, don ɗan Adam ya fi son ba da labarin ranar sa'a, alhali lissafi ba ya tsayuwa sai da ranakun tsiya. Wannan shi ne raunin duk wata ƙidayar sa kai: waɗanda suka fi ƙwazon cike ta su ne ƙwararru, masu kama da yawa, kuma ba su ne wakilan kowa ba.

Akwai aikin da ya fi wannan datti da gajiya. A jihar Tekzas, kowace Fabrairu ana rufe kamun ƙaguwa da tarko na kwana goma, tsarin da ya samo asali tun 2002. Duk tarkon wayar da aka gani a ruwa a cikin waɗannan kwanaki doka ta ɗauke shi a matsayin shara, kowa na iya cire shi. Dalili kuwa shi ne tarkon da mai shi ya yar ba ya daina aiki: ƙaguwa ta shiga ta mutu, gawarta ta jawo kifi, shi ma ya mutu ya jawo wani, haka har wayar ta ruɓe. Masu fatsa ne ke fita da jiragensu da man da suka saya da kuɗinsu, su shiga taɓo su jawo su, kuma sun fitar da dubun dubata. Haka nan a gadoji da tashoshi za ka ga wani farin bututun roba mai lanƙwasasshen baki a ɗaure jikin ƙarfe. Na zuba tsohon zaren fatsa ne. Wani ne ya ɗauki nauyin bututun, yana zuwa lokaci-lokaci ya zazzage shi, ya zauna ya tsince ƙugiyoyi da dalma da guntun sigari da gwangwanin da marasa kula suka cusa, ya tattara zaren a kwali a aika wa kamfanin Berkley a jihar Iowa, inda ake narkar da shi. Ba a biyansa ko sisi, babu kuma mai ɗaukar hotonsa.

Kayak, wani ɗan siririn kwalekwale, ya shigo wannan fage ne a 'yan shekarun baya-bayan nan. Asalinsa na mutanen Inuit ne na ƙasashen ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan firam su fita farauta. Na yanzu roba ce ake zubawa, mai cin mutum ɗaya, kuma a samansa ake zama. A 1997 kamfanin Hobie ya fito da wanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, hannu biyu suka samu sararin riƙe sanda, daga nan kasuwar ta buɗe. Kayak ba ya shan mai, ba ya ƙara, a kan rufin mota ake ɗora shi. Yana shiga ruwan da bai kai gwiwa ba ba tare da ya yanke ciyawar ƙarƙashin ruwa ba, wadda farfelar inji ke tsagawa ta bar tabon da ke shekaru bai warke ba, ita ce kuma makwancin 'ya'yan kifi da abincin ayu. Shi ya sa idan kaka ta yi, tsuntsaye suka gama ƙyanƙyasa, masu kayak na cikin waɗanda ake dogara da su a mashigin Tampa su kutsa cikin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri su kwance zaren da ya nannaɗe rassa. Ƙungiyoyin Tampa Bay Watch da Audubon ne ke shirya wannan duk shekara. Wata ƙungiyar kuma, Heroes on the Water, da aka kafa a Tekzas a 2007, tsofaffin sojojin da yaƙi ya taɓa wa jiki ko zuciya take fitarwa kamun kifi a kayak kyauta, masu rakiyar duk 'yan sa kai. Sai dai kada a ruɗe: kayak mai feda da na'urar gano kifi yana cin dubban daloli. Ya fi jirgi araha nesa ba kusa ba, amma ba na talaka ba ne.

Na talaka ita ce gada. A Kalifoniya doka ta yafe lasisi ga duk mai fatsa a kan gadar gwamnati da ta shiga teku. A Skyway kuɗin ƙofa ya wadatar. Saboda haka a nan za ka tarar da ɗan fansho, da lebura da ya tashi aiki, da baƙin haure daga Meziko da Biyetnam da Filifin, da uwa da 'ya'yanta da bokiti. Da yawansu a takarda 'yan nishaɗi ne, amma kifin tukunya za shi. Wannan bambanci na gada da kayak da jirgi shi ne abin da nake ganin ba a cika faɗa ba idan ana yabon masu fatsa da aikin alherinsu.

Yabon kuwa yana da tushe. Tun 1950 dokar Dingell-Johnson ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan fatsa, a 1984 aka ƙara da wani kaso na harajin man ƙananan jiragen ruwa, ana raba kuɗin ga jihohi don bincike da gyaran wuraren kifi da gina tashoshi. Masu fatsa suna alfahari da cewa su ke biya. Amma mai biya yana da baki, mai fita aikin gayya ma yana da baki, kuma sun san hakan sarai. A 1977 wasu masu fatsa suka taru a Houston saboda wani jan kifin gaɓa da taru ke neman ƙarar da shi, suka kafa ƙungiyar da yau ake kira CCA. A 1981 suka ci nasara Tekzas ta hana kama shi don sayarwa. A 1994 masu zaɓen Fulorida, da rinjayen kashi 72 cikin ɗari, suka sa hana tarun da ke shaƙe kifi a cikin kundin tsarin mulkin jihar, dokar ta fara aiki a Yulin 1995. Kifi ya amfana, wannan ba na musu. Amma a ƙauyukan masunta irin su Cortez, gidajen da suka gaji su kaka da kakanni sun wayi gari an haramta musu kayan aikinsu, kuma waɗanda suka jagoranci haramcin mutane ne da kifi ba shi ne abincinsu ba. A Argungu ma ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, amma Sarkin Ruwa da ke tsare dokar ɗan sana'ar ne, a cikin masunta yake kwana yake tashi. A Fulorida ƙuri'ar mutanen birni ce ta yanke wa masunci hukunci.

Su kansu masu sakin kifi ba su kuɓuta ba. Kifin da aka jawo da sauri daga ruwa mai zurfi, iskar da ke cikinsa kumbura take yi: idanu su firfito, tumbi ya leƙo ta baki. In ka jefa shi haka ba zai iya nutsewa ba, zai yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsu ko wani babban kifi ya ɗauke shi. Mai fatsa ya tafi gida da zuciya fara cewa ya saki, alhali ya kashe. Sai a Janairun 2022 doka ta wajabta wa masu kamun irin wannan kifi a ruwan tarayya na mashigin Meziko su riƙe ko dai allurar sace iskar, ko wata na'ura mai nauyi da ke kama leɓen kifin ta mayar da shi ƙasa ta sake shi a can.

Mu koma kan gadar Skyway, inda duk waɗannan zaruruwa suka haɗu a jikin tsuntsu guda: kwasakwasa. Wannan tsuntsu ya taɓa kusan ƙarewa a wasu sassan Amurka saboda maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi ya fashe. An hana maganin a 1972, ya farfaɗo, a 2009 aka cire shi gaba ɗaya daga jerin masu fuskantar barazana. A Skyway yana taruwa da yawa, musamman ƙanana da ba su gama koyon farauta ba, don sun gane cewa inda mutane suke nan abinci yake. Sai ya faɗo wa ɗan kifin da ke jikin ƙugiya, ko ya ratsa ta cikin zare. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne almakashi, a yanke zare a huta. Wannan kuwa hukuncin kisa ne. Tsuntsun zai tashi da zare mai tsawo yana ja, ya koma bishiyar da suke kwana, zaren ya sarƙe a reshe, ya rataye a nan har ya mutu, wani lokaci ma zaren ya kama na kusa da shi.

Yadda masu ceto ke koyarwa shi ne a jawo shi a hankali, a zura raga mai igiya daga saman gada a ɗauko shi. Mutum ɗaya ya naɗe fikafikan a jikinsa, ya rufe masa ido da tawul don ya natsu, ya riƙe dogon bakin amma ya bar shi a ɗan buɗe, domin kwasakwasa ta baki yake numfashi, in ka matse shi ka shaƙe shi. Na biyu ya tura ƙugiyar gaba har ƙayarta ta ɓullo, ya datse ƙayar da filaya, sannan ya zare sauran ta baya. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ya iya. 'Yan sa kai sun yi shekaru suna sintiri a gadar suna wannan, suna kuma rubuta adadi, har lissafinsu ya kai dubbai. Da wannan lissafi suka je gaban hukumar kifi da namun daji ta jihar.

A 2023 hukumar ta yanke: daga 1 ga Oktoba, duk mai fatsa a Skyway sai ya yi wani ɗan kwas duk shekara, ba a yarda mutum ya jefa fiye da sanda biyu ba, daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris kuma an hana duk wani zare mai ƙugiya fiye da ɗaya. Masu kare tsuntsaye suka ce an yi kaɗan, masu fatsa suka ce an yi yawa. Ni ina ganin dokar tana da hujja, don tsuntsayen da aka ciro ƙugiya daga jikinsu ba ƙirƙirarsu aka yi ba. Amma a duba wanda ta faɗa wa. Zaren nan mai jerin ƙananan ƙugiyoyi, wanda suke kira sabiki, da shi mutumin gada ke kamo ƙananan kifin da zai maƙala wa babbar ƙugiyarsa. Mai jirgi zai matsa gaba kaɗan ya ci gaba da amfani da nasa, don dokar ta gada ce kawai. Mutumin gada kuwa sai ya sa hannu a aljihu ya saya a shago, wata huɗu cur. Mai jirgi yana da ƙungiya da lauya da wakili a zauren taro. Mai kare tsuntsu yana da alƙaluma. Wanda ya zo da bokiti bayan ya tashi aiki, taron ma yawanci a lokacin aikinsa ake yi.

Kuma duk wannan tsince-tsincen zare da tarko yana da iyaka. A bazarar 2021 aka saki galan miliyan 215 na gurɓataccen ruwa daga tsohuwar masana'antar takin zamani ta Piney Point zuwa cikin mashigin Tampa, don gudun kada madatsarta ta fashe. Watanni kaɗan bayan haka annobar jan ruwa, wato yaɗuwar wasu ƙananan halittun ruwa masu guba, ta yi tsanani, aka riƙa kwashe matattun kifi tan-tan a gaɓar birnin St. Petersburg da ke bakin mashigin, kuma masu bincike sun ce sinadaran da aka saki sun taimaka wajen ciyar da annobar. Babu yawan 'yan sa kai da zai tare irin wannan.

Inda na ga aikin sa kai ya juyo ya fuskanci mutumin gada kansa shi ne kudancin Kalifoniya. Kamfanin Montrose, mai yin DDT, ya yi shekaru da dama yana zubar da dattinsa ta magudanar ruwa zuwa teku, gubar ta kwanta a ƙasan ruwa daura da Palos Verdes, tana nan har yau. Wani farin kifi mai kiwo a ƙasa, white croaker, yana tara ta a jikinsa, shi ne kuma ya fi sauƙin kamuwa daga kan gada, wato shi ne ya fi shiga bokitin mai ƙaramin ƙarfi. Allon gargaɗi kaɗai bai isa ba. Tun farkon shekarun 2000 ƙungiyar Heal the Bay take tura mutane gadojin yankin, masu jin Sifaniyanci da Sinanci da Tagalog da wasu harsunan, suna bin masu fatsa ɗaya bayan ɗaya. Sukan tsaya a gefen mutum su gaisa, su tambaye shi ko ana samu, su leƙa bokitinsa, su nuna masa hoton kifin da zai iya kai wa iyalinsa da wanda ya kamata ya mayar ruwa.